Bokiti da Satifiket Ba Sa Yin Gwani

Watan jiya aka ja ni wani taro da ban so zuwa ba. Katin gayyata ya ce bikin yaye matasa da mata ne waɗanda aka koya wa sana'o'in dogaro da kai. Babban ɗakin taro ne na wani otal, an yi wa kujeru ado da ƙyallaye, an kawo mai sa kiɗa, an rataye hoton mai gidan da ya ɗauki nauyin abin, tsayinsa ya kai na mutum biyu. Kusa da ni akwai wata baiwar Allah da goyo a bayanta. Na ce mata, "Malama, kwana nawa kuka yi kuna koyon?" Ta ce uku. Ta ɗan yi shiru, sai ta gyara: "To, ranar farko dai rubuta suna aka yi." Na ce me aka koya muku? Ta ce sabulun ruwa, da man shafawa, da ruwan wanke banɗaki. Can aka kira su layi-layi, aka miƙa wa kowa bokitin roba da satifiket da ambulan, aka ce su ɗaga sama za a ɗauki hoto. Mai jawabi ya ce daga yau an yi sallama da talauci a wannan yanki. Aka tafa.

Na fito raina a ɓace, kuma har yanzu bai huce ba. Matar nan ba ta yi mini laifin komai ba, ta zo neman abin da za ta rufa wa kanta asiri ne, Allah ya ba ta. Sabulu ma ba abin rainawa ba ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kalmar da aka ɗora wa wannan wasan kwaikwayo. Sana'a! An tara mata ɗari biyu daga unguwanni uku, an nuna musu yadda ake dama garin kemikal a bokiti, gobe kowacce ta fito da irin sabulun da maƙwabciyarta ta fito da shi. Kowa mai sayarwa, wa zai saya? Wanda ya shirya taron ya san amsar. Hoto yake nema, ya kuma samu.

A lungunmu an yi wani tsoho marini, Allah ya jiƙansa, duk unguwa Baba ake ce masa. Muna yara muna ta dariyar cewa Baba ne ke rini da baba. Hannunsa daga farce har gwiwa shuɗi ne, irin shuɗin da sabulu ya daina gardama da shi tun kafin a haife ni. In zai haɗa sabon rami, sai ya zuba ruwa da toka da baba da katsi, ya rufe, kullum ya zo ya buɗe ya motsa da wata doguwar muciya da ta fi shi tsayi. Ba ma'auni, ba agogo. Ya dubi kumfar da ta taso, ya shinshina, wani lokaci ya dangwala yatsa ya kai harshe, sannan ya ce "da saura," ya mayar da murfi. Ran da ya ce "ya nuna," ranar muke taruwa kallo. Ya tsoma farin ƙyalle, ya fito da shi kore-kore, ya baza shi a iska, kana tsaye kana kallo yana rikiɗewa yana komawa shuɗi. Iskar ce ke ƙarasa aikin, shi ya sa ake tsomawa a fitar, a tsoma a fitar, har sai launin ya yi duhun da ake so. Daga nan sai wajen mabuga, su shimfiɗa shi a kan gungume su yi ta dukansa har ya riƙa walƙiya.

Da na fara jin kaina ɗan boko, na taɓa ce masa, "Baba, me zai hana a rubuta wannan abu a littafi? Mudu kaza na toka, kwana kaza a rufe, kowa ya huta." Ya dube ni kamar na zo da maganar yara, ya ce, "Ɗan nan, tokar jiya da ta bara ɗaya ce? Ruwan hunturu da na bazara ɗaya ne? Zo ka zauna nan damina biyu, hancinka zai rubuta maka."

Ban zauna ba. Ba wanda ya zauna. Ɗansa na fari yana tuƙa A Daidaita Sahu, na biyun yana sayar da cajar waya. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ce na hau mimbari ina nuna mutane da yatsa. Ina cikin masu laifin, kuma wannan na daga abin da ke ƙara mini zafi.

Abin da Baba ya gaya mini shi ne gaba ɗayan maganar. Akwai ilimin da ba ya shiga ta kunne. Maƙeri ya san ƙarfe ya isa duka daga launin jan da ya yi a cikin gawayi. Majemi ya san bagaruwa ta ratsa fata daga yadda take a tafin hannunsa. Mai kaɗi ta san kaurin zare tsakanin yatsu biyu da ta shafa wa alli, mazari na juyawa tana hira, ko kallonsa ba ta yi. Magini ya san ƙasa ta kwaɓu daga yadda take kama ƙafarsa. Wannan duk sai an zauna kusa da wanda ya iya, an ɓata kaya, an sha faɗa, an sake. Ba majigi, ba lasifika, ba "mahalarta taro." Duk wanda ya ce zai ba ka wannan a kwana uku, ko bai san sana'a ba, ko ya raina maka hankali.

Kuma ba ƙaramin abu muke zubarwa ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa saƙa ce da rini. Ya ga tufafin Kano na tafiya Tumbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus, ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara ya kai wuri miliyan 300. Ba masana'anta ko ɗaya a lokacin. Gidaje ne: mata na gurza auduga suna kaɗi, maza na saƙa sawaye a ƙofar gida, marina na rini a karofi, mabuga na bugu, maɗinka na haɗawa. Turkuɗin Kura shi ne rawanin da Buzaye ke taƙama da shi a tsakiyar Sahara. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ita ce ta ƙetare hamada ta shiga Turai, Turawa suka riƙa yi wa littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko, don ta can ta biyo. Ko sunan ma ba a bar mana ba. Yau kuwa fatarmu na fita Italiya da Sifen da rabin gyara, ta dawo mana takalmi da jaka, mu saya da kuɗin da ya isa sayen garken awakin da aka feɗe.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1498, tana nan. In baƙo ya zo daga Turai ko jakada ya kawo ziyara, can ake kai shi da sauri, a tsayar da dattijo ya tsoma ƙyalle a ɗauki hoto, a yi jawabi a kan "al'adunmu masu daraja," a shiga mota. Je ka ranar da ba baƙo ka ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda suka bushe, sannan ka ƙirga masu furfura da marasa furfura a cikin masu aikin. Mun mayar da gwanayenmu kayan nuni, kamar kurayen da ake kaiwa kasuwa.

Abin takaici, ko Baturen mulkin mallaka ya fi mu fahimtar wannan. Makarantar da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda ake koyar da irin su dukanci da ƙira da kafinta, kuma an sa masu sana'ar gari cikin masu koyarwa. Ba yabonsa nake yi ba, yana da tasa manufar. Amma ya san in kana son yaro ya iya ɗinkin fata, baduku za ka kira. Mu da muka karɓi ƙasar me muka yi? Waɗanda suka yi firamare a zamanina za su tuna darasin aikin hannu. Da farko da gaske ake yi: a saƙa faifai, a tufka igiya, a gina 'yar tukunya, a fafe ƙwarya. Sannu a hankali aka koma "kowa ya kawo tsintsiya ranar Litinin," uwa ta saya a kasuwa, malam ya ba da maki. Daga baya aka sauƙaƙa wa kowa, aka ce a kawo kuɗin tsintsiyar kawai. Haka aka koya wa yaro tun yana aji uku cewa aikin hannu abu ne da ake biya a tsallake. Da aka zo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, wanda aka ce zai haɗa boko da sana'a, sai aka yi odar injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatunan da suka zo, ba wutar da za ta tashe su, ba malamin da ya san kansu. Alhali a bayan katangar makarantar akwai maƙeri yana aiki da zugazugi da uwar maƙera da masaba da awartaki, ba ya jiran wutar kowa. Ba wanda ya yi tunanin sallama masa, saboda ba shi da takarda.

Takarda. Nan ne ciwon yake, kuma ba gwamnati kaɗai ke ɗauke da shi ba. Hutun ƙarshen shekara da ya wuce na ce zan kai ɗana wajen wani maƙeri ya riƙa wuni can. Kafin magariba maganar ta zagaya dangi. Yayata ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba: "Wai me nake ji? Yaron da ake kashe wa kuɗin makaranta za ka kai ya yi zuga? Mu gidanmu ba mu gaji ƙira ba." Na ce, "Yaya, fartanyar da ake noma abincin da kike ci fa, wa ya ƙera ta?" Ta ce wannan daban. Kullum daban ne. Muna son fartanya ba ma son maƙeri, muna son takalmi muna toshe hanci in mun wuce majema, kuma har gobe akwai gidajen da za a hana saurayi aure don an binciko kakansa mahauci ne ko wanzami. Sai mu juya mu hau mimbari mu ba da labarin Annabi Dawuda da saƙar sulke, da Annabi Nuhu da sassaƙa jirgi, da Annabi Zakariyya da aikin kafinta, amincin Allah ya tabbata a gare su. Mu ce an ruwaito Shehu Usmanu yana tufka igiya don ya ci daga guminsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa yana daga aikin shugaba ya kula da masu sana'a, ya tabbata kowane gari yana da nasa. Duk mun haddace. A baki.

Yaron dai na kai shi. Sati biyu yana zuga yana kwasar gawayi kafin a bar shi ya riƙe masaba. Ranar da ya dawo da wata 'yar ƙusa karkatacciya da ya buga da kansa, da ƙuna a babban yatsa, ya ajiye ta a gaban uwarsa kamar ya kawo lambar zinariya. Tun da ya shiga makaranta ban taɓa ganin ya yi alfahari da sakamakon jarrabawa haka ba.

Ciro naira ashirin daga aljihunka ka juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun 'yar'uwar iyayenta, ba ta shiga aji ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada, a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su. Da aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta shiga a 1954, mace ta farko. Ta koyi aiki da injin juya yumɓu da gashi mai zafi, su kuma suka koyi hannunta. Ta je Ingila da Jamus da Amurka tana gina tukunya a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ka lura da abin da ya fito da ita: wuri ne da gwani da ɗalibi ke zama tare shekara da shekaru, hannu cikin yumɓu. Da a yau ta taso, fom za a ba ta, a ce ta kawo takardar sakandare, in ba ta da ita a tura ta layin masu bokiti.

Ko ka tsallaka Nijar, garin Yama a jihar Tawa. Wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'ar garin da ƙasa a 1962, jama'ar gari na kawo ruwa da tubali da itace. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, kyautar da manyan masu zanen gini na duniya ke mafarkinta. Kafin shi da fiye da shekara ɗari, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, da bakan gizo da ɗaurin guga na ƙasa da azara, wanda har yau ɗaliban zanen gini ke zuwa aunawa. Yanzu nemi magini ɗan ƙasa da shekara arba'in da zai ɗaura maka bakan gizo, ko ya haɗa maka laso, ko ya san yadda ake jiƙa makuba a yi yaɓe. Za ka sha yawo. Shi ya sa in damina ta yi ƙarfi gidajen ƙasa ke zubewa a kan mutane, sai a ce laifin ƙasa ne. Ƙasar da ta riƙe soraye shekaru aru-aru ba ta canza ba, hannun da ya san ta ne ya tafi, aka bar gini ba yaɓe, indararo a toshe. Mu kuma muka koma bulo da kwano, watan Afrilu ya zo mu kwana a waje muna zagin masu wuta.

Waɗanda muke kwaikwayo a komai, a nan ba mu kwaikwaye su ba. Japan, ƙasar mota da kwamfuta, ta yi doka tun 1950 don kare kayan gadonta, daga 1955 ta fara zaɓar gwanayen saƙa da rini da ƙira da ginin tukwane tana ba su matsayi na musamman, da tallafin yen miliyan 2 duk shekara, don su ci gaba da aiki su kuma horar da magada. A Amurka akwai makarantar John C. Campbell a jihar North Carolina, tun 1925, wadda aka gina a kan tsarin makarantun jama'a na ƙasar Denmak. Babu jarrabawa, babu maki. Likita da lauya da tsohuwa mai fansho su biya kuɗinsu, su yi mako guda suna koyon ƙira ko saƙar kwando, su koma gida suna murna da ƙuna a yatsa kamar ɗana. Su da suka yi sakaci da nasu suna biya don su dawo da shi. Mu namu na nan da rai, yana zaune a lungu yana tari, muna jira ya mutu mu kira taron ƙara wa juna sani a kansa.

Kada masu sana'ar su ɗauka sun tsira daga bakina. Da yawansu su suka rufe ƙofa da kansu. Rowar ilimi ta yi musu yawa: wannan sirrin gidanmu ne, wancan sai ɗan gado, ɗan gadon kuma ya tafi acaba. Yaro ya zo koyo a mayar da shi ɗan aike, shekara uku yana sayo goro da kai wa uwargida cefane, bai taɓa riƙe basilla ba. In ya gaji ya gudu a ce yaran zamani ba su da haƙuri. Wasu marinan sun watsar da baba sun koma galura da soda, su rina a tukunya su zubar da ruwan a kwata, kaya ya zuba a wankin farko, mai saye ya rantse ba zai ƙara ba. Wasu dukawan har yau jakar da kakansu ya ɗinka ita suke ɗinkawa, zif ɗin ya lalace a sati, in ka yi magana a ce haka aka gada. Ba haka aka gada ba. Waɗanda suka kai kaya Tarabulus sun san abin da kasuwa ke so, shi suka yi. Sannan ga dillalai da ke zaune a kan wuyan mata: mace ta yi makonni tana ɗinkin hula a cikin gida har idonta ya fara gazawa, a ba ta abin da bai kai kuɗin zare da sabulu ba, a kai kasuwa a ninka. 'Yarta na kallo. Don me za ta koya?

To me nake so? Ba sabon abu ba. Muna da tsarin a hannunmu, mun fi kowa saninsa: makarantar zaure. Malam na zaune a kan buzu, ɗalibai na zuwa bayan asuba ko bayan magariba, wannan ɗan kasuwa, wancan tela, wancan ma'aikaci, kowa da inda ya tsaya, ba a tambayar ɗan gidan wane ne, ba a yaye kowa da kiɗa. Haka aka riƙe fiƙihu da nahawu a ƙasar nan ɗaruruwan shekaru. A shekarun 1950 da aka tashi Yaƙi da Jahilci, a gindin bishiya da zauren mai unguwa aka koya wa manya karatu. Me ya hana a yi wa rini da ƙira da jima da saƙa da gini haka? Ajin ya kasance a karofin kansa, a maƙerar kanta, a tsakar gidan tsohuwar da ta iya kaɗi. Mutum shida ko takwas, kada su wuce yadda gwani zai iya kama hannun kowa. A biya gwanin albashi duk wata a matsayinsa na malami, da sharaɗin ƙofa a buɗe take ga ɗan kowa, kuma ba aike. Almajirai na da Alhamis da Juma'a, 'yan boko na da Asabar da dogon hutu, matan aure na da tsakanin azahar da la'asar. Sarakunan sana'a suna nan, Sarkin Maƙera da Sarkin Magina da sauransu, an bar su da rawani da hawan salla, su ne suka san wane ne gwani wane ne ɗan cika baki. Kuɗin otal da ƙyallayen kujeru da hoton nan mai tsayin mutum biyu sun isa su riƙe irin wannan aji shekara guda. Matsalarsa ɗaya: ba ya ɗaukuwa a hoto da wuri, kuma ba a yanka ribbon a bakin ramin baba.

Na san abin da za a ce, don an sha gaya mini. Zamani ya wuce, roba ta fi araha, yadin Kantin Kwari da ake shigowa da shi daga Sin ya fi sauƙi, kana so ka mayar da mu zamanin jaki. Ban ce kowa ya yar da bokitinsa ya koma tulu ba, ni ma da bokiti nake wanka. Wasu sana'o'in sun tafi ke nan, gyartai ba zai dawo ya ci abinci da ɗinkin ƙwarya ba. Amma mai cewa babu kasuwa ya je ya tambayi kuɗin hular hannu ta gaske, ko rigar da aka yi wa aska takwas da allura, ya ga ko zai iya saya. Ya tambayi manomi wa ke gyara masa garma. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa, aka yi ta murna a rediyo. Madalla. To sirdin fa, wa zai sassaƙa? Linzami da likkafa wa zai ƙera? Lifidi da jalala da kayan ƙawar doki wa zai ɗinka? Ko su ma odarsu za mu yi daga Sin, mu hau mu yi wa duniya jahi da al'adar da aka ƙera a Guwanzu?

Baba ya rasu shekara shida ke nan. Magada suka cike ramukansa uku da ɓaraguzai, aka zuba siminti, yanzu shago ne ana sayar da ruwan leda da katin waya. Rannan na shiga gidan gaisuwa, na tarar da muciyar nan tasa a tsakar gida. Rabinta na ƙasa har yanzu shuɗi ne. An tokare igiyar shanya da ita.